Tafiyarmu Dahomi Neman Jinin Kulu

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna gabana in yi masa aski, kafin in jiƙa masa kai sai ya ce, "Arzika, yaya Dahomi?" Ni kuwa ba na son surutu da aska a hannu. Malamin da ke koya wa manya karatu a garinmu ya ce in zauna in faɗa sau ɗaya, shi ya rubuta, mai so ya je a karanta masa. Na yarda don a ƙyale ni.

Ni wanzami ne, ɗan Geza. Ubana wanzami ne, kakana ma haka. Ina yaro agana ta kwantar da mu biyar a ɗaki ɗaya, ni kaɗai na tashi, ta bar mini zanzana a fuska. Na ga shekarar fara, na ci ganyen da akuya ke ƙi. Ba kowane abu ke ba ni tsoro ba. Ciwon Kulu ya ba ni.

Kulu matata ce, mun haura shekara ashirin tare. Tari ya kama ta bayan yankan shinkafa, ya ƙi saki. Da la'asar zazzaɓi, da safe tabarma jiƙe da gumi, wani lokaci kaki da ɗigon jini. Muka yi abin da muka sani. Aka hana ta kifi da nama da ƙwai da duk wani abu mai maiƙo, don a wurinmu an ce su ke ta da tari. Kunu da safe, kunu da rana. Ni kuma na yi mata abin da na gada: duk mako biyu in kafa mata ƙaho a baya, in tsaga, in tsotsa. Jini ya fito baƙi, in nuna mata cikin sakaina in ce, "Kin ga cutar tana fita." Ta yarda, ni ma na yarda. Wata goma muna haka. Ta rame, ta koɗe, daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta zauna ta huta. Har ta koma ɓantarar ƙasar bango tana ci a ɓoye.

Wani mutumin ƙasar Dandi mai fataucin busasshen kifi ne ya ba ni labarin asibitin, ina yi masa aski. Ya ce a ƙasar Dahomi, kan hanyar Kandi, akwai inda aka ware ɗakuna don masu tarin fuka. An kai wansa a kwance, ya dawo da ƙafarsa. Asibitin Birnin Kebbi ya fi mana nisa, ga ruwa ya ci hanya. Na gaya wa Kulu. Ta ce, "Malam, in mutuwa ce, can da nan duk ɗaya." Na ce, "To mu tafi can."

Mun tashi kwana kaɗan bayan bikin mulkin kai. Na ɗora ta kan jaki, na ɗaure ta da zane a jikin akumari don kada ta zame. Ni ina gaba da igiya, zabirata a kafaɗa, da asake da ƙahoni a ciki.

A Illo muka tarar da sabuwar tuta, kore da fari, an rataye ta har a rumfar mai tsire. Wani ɗan doka ya tare ni da murna ya ce, "Wanzam, yanzu ƙasa tamu ce." Na ce, "Madalla. Ina ne asibitin tarinta?" Ya sosa ƙeya ya ce shi ma tukuna bai ji ba. Muka kwana gidan wani abokin sana'ata. Matarsa ta ware wa Kulu ƙwarya ita kaɗai, tana ta ba da haƙuri. Ban ga laifinta ba.

Lolo muka shiga ranar kasuwa. Albasa tsibi-tsibi, kifi, gishiri, tukwane, harshe huɗu a rumfa ɗaya. Na bar jaki hannun wani mai sayar da igiya da na sani, na sami jirgin wani Basarke, masunci, mai suna Namata da zai hau kogi washegari. Da gari ya waye Kulu ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Na ce bari in rage mata kafin hanya. Na kafa mata ƙaho shida a bayan rumfa. Na yi aikin da kyau, har na yaba wa kaina.

Ba mu yi nisa a ruwa ba ta sulale ta faɗi kan buhun albasa. Namata ya ajiye sanda, ya kwantar da kanta ƙasa, ya ɗaga ƙafafunta, ya yayyafa mata ruwa. Ta buɗe ido. Ya dube ni.

"Wanzam, mi ka ba ta da safe?"

"Kunu."

"Jiya fa?"

"Kunu."

Ya buɗe tukunyar da matarsa ta ba shi, romon kifi ne da yaji, ya zuba a ƙoƙo. Na ce, "Mai tari ba ya shan wannan." Ya ce, "A tudu kai ne mijinta. Cikin jirgina ni ke hukunci. In ba ka so, sauka." Ko'ina ruwa ne. Na zauna. Kulu ta shanye, ta suɗe ƙoƙon da yatsa, ta miƙa a ƙara mata ba tare da ta dube ni ba. Na jira tari ya kashe ta nan take. Barci ta yi.

Rana tsaka muka sauka a iyaka, gefen Dahomi. Su ma sun sami nasu mulkin kan, tutarsu launi uku ce, kore da rawaya da ja. Ofishin a rufe. Aka ce mu jira, jandarmomi, wato 'yan dokarsu, suna barcin rana. Na zaci wasa ake. Ashe can doka ce da suka gada wurin Faransawa: da rana ta take, a rufe komai a kwanta, sai bayan azahar. Ban ga abin da ya kai wannan kyau a ƙasarsu ba.

Da suka tashi, ga su da gajeren wando da hula mai baki kamar murfin tukunya. Ɗayansu yana jin Hausa. Ya ce mu kawo katin lamba, wato shaidar rigakafin agana. Kulu ta nuna tabon lamba a damtsenta. Ni na nuna fuskata na ce, "Ga nawa katin. Agana da kanta ta sa hannu." Ya fassara wa babbansu, suka yi dariya har da buga tebur. Sai suka zazzage zabira. Asake bakwai, ƙahoni, dutsen washi. Dariya ta tsaya.

Mai jin Hausar ya ce, "Mutanen Ingila, yaƙi kuka zo yi?" Haka suke kiran 'yan wajenmu.

Na ce aski nake yi. Babbansu ya shafa haɓarsa, duk ta yi ƙuraje saboda dakusasshiyar reza. Ya ce in gaskiya ne in gwada. Na zaunar da shi gindin bishiya, na wasa aska a tafin hannu. Da na kai wuya na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Na gama, ya duba madubi, ya kira sauran. Kafin la'asar na aske gwamnatin Dahomi ta wannan gefen gaba ɗaya. Suka mai da mini kayana, suka ba Kulu lemo biyu, kowannensu ya ba ni hannu sau biyu. Mutanen can ba sa gajiya da musabaha. Ka rabu da mutum ka je ka sha ruwa ka dawo, sai ya sake miƙo hannu.

A Malanbil na fara ganin burodinsu. Dogo ne kamar kara, ba a naɗe shi da komai, mutum ya saƙala a hammata ya hau keke. Na ɗauka itacen wuta ne. Na saya wa Kulu guda, bayansa tauri, cikinsa iska. Ta ce ko burodin ma mai tarin fuka ne. Ranar ce farkon da ta yi wasa tun barinmu gida. Mata kuwa can suna hawan keke da kaya a kai. Kulu ta bi wata da kallo har ta ɓace, ta ce in ta warke sai ta gwada. Na ce ta warke tukuna.

Muka shiga motar kaya mai bin hanyar Kandi. Aka ba Kulu bakin baya inda iska ke kaɗawa, ta rufe baki da gyale, ni aka sa ni gaba kusa da direba saboda furfura. Da muka hau titi na ga ya riƙe hannun dama. Motocin da na sani a wajenmu hagu suke bi. Sai ga wata babba ta taho. Na damƙi hannunsa na ce, "Kai, koma hannunka, za ka kashe mu!" Ya fizge, ya zage ni da harshe uku, motar ta wuce ta hagunmu lafiya lau. Ya tsaya ya ce a mai da tsohon nan baya wurin awaki. Labari ya riga ni isa. Kulu ta yi dariya har tari ya turnuƙe ta, ta huta, ta ci gaba.

A garin asibitin masaukinmu gidan Hamsatu ne, wata bazawara 'yar ƙasar Dandi mai saukar da masu jinya. Ƙatuwa ce, muryarta ta fi ta. Hausarta a karkace take amma ba ta jin kunyarta. Da ta ga Kulu ta riƙe baki ta ce, "Wannan mata, wa ya shanye ta?" Ta kawo mana tuwon masara mai tsami da miyar kuɓewa, da wani cuku na Fulani da suke rina bayansa ja su soya. Na ci na ƙoshi. Su can ba su san fura da rana ba, doya suke kirɓawa. Wata huɗu ina marmarin furar gero.

Da safe muka je asibiti. Likitan baƙar fata ne, mutumin kudu, Faransanci kawai yake yi. Mai fassara shi ne malamin asibiti, Sabi, mutumin Bargu, magidanci mai faɗin fuska, ya koyi Hausa wurin fatake. Aka sa Kulu ta tofa kaki a gwangwani, aka tafi da shi. Likita ya ja fatar idonta ta ƙasa, ya yafito ni. Fari kamar auduga. Sabi ya ja tasa fatar idon ya ce, "Dubi nawa, Baba." Ja wur. Aka huda mata yatsa, aka ɗiga a farar takarda, aka kara da wani kati mai jerin launin ja, daga mai duhu zuwa mai haske. Nata ya tsaya can ƙasa, kamar ruwan da aka wanke nama.

Sai likita ya ce ta juya ya saurari baya. Ta sauke zane. Tabo layi-layi tun daga kafaɗa har ƙugu, ga shida sababbi na Lolo, biyu sun fara ruwa. Likita ya yi magana gajeriya.

Sabi ya ce, "Yana tambaya wa ya yi wannan."

Kulu ta yi wuf ta ce, "Wani wanzami ne a ƙauyenmu."

Na ce, "Ni ne wanzamin."

Likita ya dube ni, ya sake duban bayan, ya yi magana mai tsawo. Sabi ya ce, "Ya ce bai taɓa ganin tsaga mai tsabta da daidaito irin wannan ba, hannunka na da kyau. Ya ce kuma in ka ƙara sau ɗaya, ka haƙa mata kabari tukuna."

Na ce, "Baƙin jini nake cirewa."

"Baba, jinin wa ka taɓa gani ya daskare a ƙaho bai yi baƙi ba?"

Na san amsar. Shekara talatin ina ganin jini. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Aka ba Kulu gado a ɗakin mata. Sabi ya kai ni ya nuna mini kakinta a madubin likita. Na ga wasu 'yan jajayen abubuwa kamar yankakken zare. Ya ce su ne cutar. Sannan muka zauna kan benci a inuwa, ya ce cutarta biyu ce a haɗe, tari da ƙarancin jini, kowace tana taimakon 'yar'uwarta. Ya ce a cikin jini akwai ƙarfe, shi ke ba shi ja, shi ke kai numfashi ko'ina a jiki.

"Ƙarfe? Irin na aska?"

"Irinsa. Amma duk na jikin mutum bai fi ƙusa guda ba. In ya ragu, mutum ya koɗe, ya riƙa haki, wani har ya ci ƙasa."

Na ce, "Tana ci."

"Na sani, na ga farcenta. To kuma a cikin jinin akwai masu faɗa da cuta. In ƙarfe ya yi ƙaranci su ma laushi suke yi. Ka taɓa barin mai gadin gona kwana uku ba abinci? Yana kallon biri yana karya masara, ba ya iya tashi. Shi ya sa tarin ya sami wurin zama. Shi ya sa tsagarka ta Lolo ta ƙi kamewa. Masu ƙarancin jini, duk murar da ta gifta sai ta sauka kansu, kuma ko an ba su magani sun fi daɗewa a kwance."

"To ku ba ta ƙarfen yau."

"A'a. Cutar ita ma tana son ƙarfe, da shi take yaɗuwa. Jiki ya san haka. Da ta shigo sai ya ɓoye ɗan abin da ya rage, kamar yadda mutane ke binne hatsi in an ce mahara na tafe. Mahara ba su samu ba, masu gida ma sun kwana da yunwa. In muka ɗura mata yanzu, baƙon muka ciyar. Allura tukuna, ta karya shi. Mu kashe tsutsar cikin da ta kwaso a fadamar shinkafa, don ita ma jini take sha. Ƙaho kuwa ka ji abin da likita ya ce. Daga baya sai ƙwayar ƙarfe. Abinci dai tun yau."

"Wane abinci?"

"Me kuka hana ta?"

Na lissafa masa. Ya ce, "Shi. Ka ƙara da hanta da saifa da wake da zogale."

Can asibiti ba ya dafa wa kowa, dangi ke kawowa. A can ni kaɗai ne danginta. Na sami wani mahauci Bahaushe a kasuwa muka shirya: in aske shi da yaransa duk Juma'a, shi ya ware mini hanta da saifa. Na kai wa Hamsatu. Ta ce ita tana da baƙi tara, hannunta biyu, ga murhu can. Namiji da furfura, na durƙusa gaban murhu. Hantar farko ta ƙone ƙurmus. Hamsatu ta kira maƙwabta su zo su ga mutumin Ingila yana girki. Suka jeru a bakin danga suna ba ni shawara da Dandanci. Ta biyu ta yi gishiri. Ta uku Kulu ta cinye ba ta ce komai ba, na gane ta yi. A gidana shekara ashirin, in an yanka dabba, ni ake kawo wa hanta. Ban taɓa tambayar abin da ke saura a tukunya ba.

Kullum da safe allura, ga wasu manyan ƙwayoyi masu ɗaci da ake sha da yawa. A mako na uku jiri ya dame ta, jikinta ya yi nauyi, ta ga kamar ba ta ci gaba. Na kawo abinci da rana, ta jawo hannun rigata.

"Malam, ka kafa mini ko biyu. Bayan ɗakin nan ba kowa. Nauyin nan jini ne."

"A'a."

"Da can da ka yi sai in ji sakayau."

"Sakayau ɗin nan shi ya sa kika suma a jirgi."

"Kai da ubanka da kakanka duk ƙarya kuka yi ke nan?"

Wannan ta shige ni. Na ce, "Ban san na kowa ba. Naki dai ba na ƙara taɓawa." Ta juya mini baya, ta ƙi cin abincin sai da na fita. Na koma masauki na kwashe ƙahonin na ba Hamsatu, ta kulle a akwatinta ta rataya mabuɗin a wuya. Ban amince da kaina ba, don in Kulu ta yi kuka ban san abin da zan yi ba. Mazan ɗakin tari ma da suka ji akwai wanzami suka riƙa aiko mini. Na je na aske su duka, ƙaho na ce babu. Akwai wani tsoho a cikinsu, idonsa fari kamar na Kulu, an kawo shi a makare. Bai kai mako biyu ba. Ni na yi masa askin ƙarshe.

Da zazzaɓi ya sauka aka fara ba ta ƙwayar ƙarfe. Kwana uku sai na tarar da ita ta yi tagumi. Ta ce in matso. Ta ce cikinta ya ruɓe, bayan gidanta baƙi ƙirin kamar gawayi, in shirya mu koma ta mutu a ɗakinta. Ta kwance bakin gyale, ga ƙwayoyin kwana biyu ta ɓoye. Na tafi wurin Sabi, na ja shi gefe na gaya masa da murya ƙasa-ƙasa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Laifina ne, Baba, na manta ban faɗa ba. Ragowar ƙarfen da jiki bai ɗauka ba ne ke fita. Kowa haka yake yi."

Ya leƙa ɗakin mata ya ce, "Wa ke nan nata ba baƙi ba?" Matan suka rufe fuska suna ƙyalƙyata. Wata tsohuwa ta ce ita ma ta yi wasiyya a makonta na farko.

Daga nan abu ya riƙa hawa. Tsagar Lolo ta kame. Wata rana ta ce bangon ɗakin ya daina yi mata ƙanshi. Duk mako biyu a huda yatsa a kara da katin nan, ɗigon yana matsawa sama gida-gida. Ni kuma na koyi jan fatar idonta, har ta riƙa buge mini hannu tana cewa ido nata ne. Ta fara kushe girkina: wake bai nuna ba, zogale da ɗaci, wa ya ce a sa wa hanta kanwa. Hamsatu ta ce, "Mata ta warke. Mai mutuwa ba ya faɗa kan kanwa."

Cikin wata na huɗu aka duba kakinta sau uku ba a ga komai ba. Likita ya saurari ƙirjinta, ya saurari nawa, ya ce ni lafiyata ƙalau. Sabi ya fassara sauran. Cutar ta kwanta, ba ta mutu ba. Za ta ci gaba da shan ƙwayoyi fiye da shekara, duk wata uku mu koma a duba a ƙaro. In ta bari don ta ji sauƙi, tarin zai dawo, kuma ba lalle maganin ya sake kama shi ba. Ta sa takalmi in za ta fadama. Ta ci abin da kowa ke ci. Na ce, "Awo, na ji." Likita ya ba ni hannu sau biyu, na ba shi na uku.

Hamsatu ta raka mu tasha da ƙullin cuku, tana kuka tana zagina da cewa na bar mata tukunya da ƙauri. A mota na zauna baya da kaina. A iyaka jandarmomi suka fito da benci tun kafin in gaishe su. Mai jin Hausa ya ce, "Ina marar lafiyar?" Tana tsaye gabansa da kaya a kai. A Lolo na tarar jakina ya yi ƙiba ya manta da ni. Kulu ta hau rabin hanya, rabi ta taka, sai na yi faɗa take komawa kansa.

Mun shiga Geza da hantsi, mutane suna gona. Na tura ƙofar gida. Ba turmi, ba tukwane, ba akuya, har randa an ɗauke. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, ta ga Kulu, ta saki ƙwarya ta ruga tana salati. Ashe da aka yi wata huɗu ba labari, dangi suka yanke cewa ta rasu, ni kuma baƙin ciki ya hana ni dawowa. Har sadaka an yi. Ƙanwarta Ige ta kwashe kayan don kada su lalace.

Kulu ta ajiye kayanta, ta gyara ɗaurin zane, ta nufi gidan Ige. Ina jin ihu daga nan, na tsoro tukuna, sannan na murna. Can sai ga su, Ige tana kuka tana rungume da tukunya, Kulu tana gangaro da turminta da ƙafa.

"Yaya, ki zauna in daka miki, don Allah."

"Kin ci sadakata, yanzu ki zauna ki sha furata. Miƙo taɓarya."

Na ce, "Kulu, daga hanya kike." Ta ce, "Malam, tafi zaure." Na tafi.

Ta zuba gero ta fara. Matan unguwa suka san bugun, don kowace mace da nata, suka riƙa shigowa suna wuce ni ba ko gaisuwa, wata da kuka, wata da guɗa. Maza suka dawo daga gona suka cika zaure, kowa yana tambayata yaya Dahomi. Kunnena yana cikin gida, ina sauraron tari tsakanin bugu da bugu. Har ta gama dakan ban ji ba.